Ƙwan Fitila Ba Ya Shanye Lantarki

Idan aka jera ƙwayayen fitila biyu iri ɗaya a kan waya guda, aka haɗa su da batir, wanne zai fi haske? Ɗaliban sakandare da dama kan amsa cewa na farko ne, wai don shi lantarki ke fara tararwa, ya sha rabonsa, na biyu ya samu saura. Amsar kuskure ce, domin haskensu ɗaya ne. Abin mamaki kuwa shi ne, a cikin masu ba da ita har da waɗanda suka haddace dokar da Georg Ohm ya bayyana a 1827, suna kuma cin maki da ita a jarrabawa.

Wannan fahimta ba ta ɗaliban ƙasar nan kaɗai ba ce. David Shipstone na Jami'ar Nottingham ya tarar da ita a makarantun Ingila a 1984, kana a 1988 shi da abokan aikinsa suka same ta a ƙasashe biyar na Turai. Sai dai a nan harshe ma yana ƙara mata gindin zama. Tun yaro yana ƙarami yake jin ana cewa dutsen guga yana shan wuta, ko batir ya ƙare. Ina laifinsa in ya ɗauka lantarki kamar kananzir yake, a zuba ya ƙone?

Gaskiyar al'amari ita ce, elektron ɗin da ke gudana suna nan cikin wayar tun kafin a haɗa batir. Aikin batir shi ne tura su, kuma yawan da ya shiga ƙwan fitila a kowace daƙiƙa shi ne yake fita. Abin da ke raguwa shi ne makamashin batir, wanda ke komawa haske da zafi. A dubi injin niƙa: bel yana zagayawa wuni guda bai ragu da ko taƙi ɗaya ba, man gas ne ke ƙarewa. Haka kuma bel ɗin gaba ɗaya yake motsawa lokaci guda, shi ya sa fitila ke kamawa nan take, alhali tafiyar elektron a wayar tagulla ba ta cika kai milimita 1 a daƙiƙa ba.

Babban alhakin yana wuyan tsarin koyarwa. Malami ya rubuta doka a allo, ya ba da lissafi goma, ya wuce babi na gaba, bai taɓa tambayar abin da ke zuciyar ɗalibi ba. Sai ɗalibin ya ajiye dokar don ranar jarrabawa, ya riƙe tsohon tunaninsa. Hujjar rashin ɗakin gwaji ba ta karɓuwa a nan, tunda batir biyu na tocila da ƙananan ƙwayaye da guntun waya ana samunsu a kowace kasuwa.

Ya kamata malami ya sa kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa tukuna, sa'an nan a haɗa kayan a gabansu. In akwai amita, a auna kwararar kafin ƙwan da kuma bayansa, su ga allurar ta tsaya wuri ɗaya. Akwai tarko guda: ƙwayayen biyu za su fi guda ɗaya dushewa, wasu kuma za su ce ai raba lantarkin suka yi. Nan ne malami zai nuna musu cewa ƙwai na biyu ya ƙara turjiya ne, sai kwararar ta ragu a da'irar baki ɗaya, gaba da baya.