Sharhi: Ɗakunan Daskarar Da Abinci Da Matsalar Wutar Lantarki

Ɗaukewar wutar lantarki ta tsawon kwanaki da ta auka wa jihohin Arewa a watan Oktoba na 2024, sakamakon lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ta nuna mana irin haɗarin da ke tattare da cinikin kifi da kaji da nama. Ɗan kasuwar da firjinsa ya narke, jarinsa ne ya narke. Wanda ya ƙi zubar da kayan kuwa, lafiyar jama'a ya sayar.

Ɗakin daskarar da abinci ɗaki ne da mutum ke shiga da ƙafarsa, kuma ƙa'ida ita ce sanyinsa ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri. Ya bambanta da ɗakin sanyaya tumatir da ganyaye, waɗanda ƙanƙara ke lalatawa. Ana haɗa bangonsa da rufinsa da alluna masu kumfar hana zafi shiga, kaurin santimita 10 zuwa 15. Daɓensa ma sai an shimfiɗa masa irin wannan kariya, domin idan sanyi ya ratsa ƙasa, damshin cikinta kan daskare ya ɗaga daɓen. Haka kuma wajibi ne a auna ƙarfin injin da zafin bazararmu, wanda kan haura digiri 40, kuma ƙofar ta zama ana iya buɗe ta daga ciki don tsaron ran ma'aikaci.

To amma gina ɗakin ya fi riƙe shi sauƙi. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, ga kuma tsadar man dizal. Wannan ne ke sa wasu su kashe inji da dare, alhali abincin da ya narke aka sake daskarar da shi ya rage inganci, kuma yana iya cutarwa.

A ganinmu mafita a bayyane take. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Ya kamata a fara da kasuwanni da mayanka, a haɗa musu wuta mai amfani da hasken rana, kamar yadda kamfanin ColdHubs ya gwada da ɗakunan sanyaya kayan lambu. Muna kira ga ƙungiyoyin mahauta da masu sayar da kifi da su haɗa jari su gina ɗaki ɗaya ingantacce, sannan a horar da matasanmu aikin gyaransa.