Lambar Kwastan Ce Ke Zaɓar Gubar Da Ake Kwana Da Ita

Duk kayan da ya sauka a tashar Apapa ko Tin Can yana da lamba, kuma lambar ce ke faɗin harajinsa. Tsarin lambobin na Hukumar Kwastan ta Duniya ne da ke Burasel, ya fara aiki a 1988. A kansa ECOWAS ta ɗora harajinta na bai-ɗaya a 2015, mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ra'ayin da ya zauna a zukatan 'yan kasuwa da jami'ai shi ne wannan duk aikin takarda ne, tsakanin mai kaya da ɗan kiliyarin, ba ruwan mai gida. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kayan kashe ƙwarin gida sun isa hujja.

Tsarin bai san wani abu wai shi "maganin ƙwari na gida" a dunƙule ba. Abin da aka yi kaya da shi yake dubawa. Igiyar leko, feshin gwangwani da shinkafar ɓera suna ƙarƙashin lamba 3808. Tarkon ɓera kuwa yana bin jikinsa: na waya ya tafi babin ƙarfe, na roba ya tafi babin roba. Faifan lantarki da ake kai wa sauro duka da shi yana babi na 85, gidan sauro yana babi na 63 tare da labule da zanen gado. Sauro ɗaya, ofisoshi uku.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin 3808 kanta. Jadawalin yankin yana raba abin da aka ce na noma ne da wanda aka shirya don ɗaki, na noma ya samu sassauci. Niyyar mai kyau ce, don manomi na buƙatar feshi mai araha. Sai dai guba ba ta karanta takardar shigowa. Ruwan diklobos mai ƙarfi da aka shigo da shi don gona da rumbu shi ake ɗurawa a ƙananan kwalabe, a ce masa fiya-fiya, a yayyafa a ƙarƙashin gado da magariba, a rufe ƙofa da taga, yara su shiga su kwanta kafin warin ya fita. Mai gida bai zaɓe shi don wauta ba. Ya taya gwangwanin da aka haɗa daidai ƙarfin ɗaki, ya ji kuɗinsa, ya juya. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwanni, amma hani ba ya goge bambancin farashin da ya jawo cinikin.

Masu cewa lamba ba ta da tasiri su dubi tarihin gidan sauro. A taron Abuja na Afrilun 2000, shugabannin Afirka sun yi alƙawarin rage ko janye haraji a kan gidan sauro da magungunansa. Cika alƙawarin ya yi ta tuntuɓe, domin a idon jami'in kwastan gidan sauro yadi ne kawai. Sai a gyaran tsarin na 2017 aka ware wa mai magani lambarsa ta kansa, 6304.20, aka kuma ware wasu lambobi a 3808 don magungunan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

Nijeriya na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya. Bai dace Ma'aikatar Kuɗi ta tsara harajin 3808 ita kaɗai ba. Ma'aikatar Lafiya da NAFDAC su zauna a teburin, a sauke harajin kayan ɗaki masu rajista kusa da na noma, a kuma ɗaure sassaucin noman da sharaɗin girman mazubi da sunan dillalin da zai karɓa.