Masu Hoto, Ku Ji Tausayin Ɗiyan Tsuntsayen Gulbin Rima

Zuwa ga Edita,

Don Allah ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu ɗaukar hoto, musamman samarin da suka shigo wagga sana'a da wayar hannu da kyamarar zamani, game da wata ɗabi'a da ta fara yaɗuwa a bakin gulbi a nan Sakkwato.

Kowa ya sani idan rani ya tsaya, ruwan Rima ya ja baya, yashi kan fito fili daga gadar Kwalkwalawa da ke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har can gaba. To wannan yashi da muke gani kamar fili ne kawai, ɗakin haihuwa ne na wasu tsuntsaye waɗanda ba su yin sheƙa bisa icce. Zakaran ƙeƙuwa ɗan rami yake tonawa a ƙasa, a zuba ƙwai uku ko huɗu masu launin ƙasar wurin. Akwai kuma ɗan tsuntsun nan mai toka-tokan fiffike da baƙin zane a ƙirji, wanda Turawa ke ce wa tsuntsun kada. Shi nasa al'amarin abin mamaki ne, don binne ƙwansa yake yi cikin yashi, idan rana ta take sai ya je gulbi ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya sanyaya wurin, kusan wata guda yana wannan jigila. Ko bayan an ƙyanƙyashe, in ya hangi abin tsoro, yashi yake watsa wa ɗiyan ya rufe su ruf.

Edita, hoton uwa da ɗiyanta abin sha'awa ne, ni ma tun zamanin fim da ɗakin duhu nike neman irinsa. Amma dubi yadda wasu ke yi yanzu. Yaro ya zo da waya, wadda ba ta jawo nesa kusa, sai ya taka har bisa ramin. Uwar ta tashi tana kuka tana kai masa bara, shi ko dariya yake yi. Wani har ɗaukar ɗan tsakon yake ya ɗora a tafin hannu, ko ya matsar da shi inda haske ya fi kyau. Haba jama'a! A watan Maris da Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma duk wanda ya taɓa taka yashin gulbi ba takalmi da tsakar rana ya san ya fi haka nesa. Muddin mutum na tsaye a wurin uwar ba za ta sauka ba, ƙwai na dahuwa, ɗiya na galabaita. Ga hankaka da shirwa suna sama suna kallo, kai ne ka nuna musu wurin. Kana juya baya sun yi kalaci. Kai ka tafi da hoto ka sa a Facebook ana ta yaba maka.

Malamanmu sun sha karanta mana hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa ɗiyanta biyu a hanyar tafiya, ta zo tana karkaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su mayar mata da su. A ƙasar Ingila kuwa tun 1981 akwai dokar da ta hana takura wa wasu tsuntsaye a wurin kwanci, mai hoto sai ya nemi lasin kafin ya kusance su.

Abin ba wuya gare shi ba. A je da sassafe ko da la'asar sakaliya, wanda dama shi ne lokacin da haske ya fi daɗi. A zauna nesa, a ƙasa, a yi shiru. In ka ga uwar ta daina kiwo tana kallonka, ko ta tashi, to ka matso da yawa, ja baya. Wanda kyamararsa ba ta kai ba, ya haƙura da wannan hoton.

Sai maganar gyaran hoto, wadda ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ba na cikin masu cewa gyara haramun ne. Mu ma a ɗakin duhu muna ƙara haske a nan, mu rage a can, mu yanke gefe. Yin haka a kwamfuta da Photoshop ba laifi. Amma ka goge ledoji da robobin da ke zube kewaye da ramin, ka goge sawun tayar tifar masu ɗibar yashi, ka kwafi ɗan tsako ɗaya ya zama uku, ko ka sa ƙirƙirarriyar basira ta zana maka uwar da kai da kanka ka kora, wallahi wannan ya tashi daga gyara ya koma shaidar zur. Mai kallo zai ɗauka gulbin nan lafiya lau yake, alhali tsuntsayen na fama da masu yashi, da karnuka, da kofaton shanu, da ruwan da kan taso ya rufe tsibirin yashi in an sako shi daga madatsar Goronyo. Yaya hukuma za ta motsa kan ɓarnar da mu da kanmu muka share daga hoto?

Can inda ake gasar hoto ba su wasa da wannan. A 2018 gidan tarihin halittu na Landan ya ƙwace kyautar da ya ba wani mai hoto ɗan Birazil, bayan masana sun tabbatar cewa dabbar da ke cikin hoton nasa matacciya ce da aka busar aka ajiye don baƙi su gani.

Bugu da ƙari, hoto na gaskiya yana da masu bukata. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana tattara bayanan inda kowane tsuntsu ke zaune a Nijeriya, kuma hoton da aka rubuta masa wuri da kwanan wata hujja ce a wurinsu. Wanda aka yi wa ƙari ba ya yi musu amfanin komai.

Don haka ina kira da babbar murya ga shugabannin masu hoto na Sakkwato su ja kunnen yaransu tun ruwa bai ja ba. Ina kuma roƙon Sarkin Ruwa da hakiman yankin Kwalkwalawa da Dundaye, da ma'aikatar muhalli ta jiha, su zauna da masu tifa a keɓe ko da tsibiri biyu ne, a kafa alama, kada a ɗebi yashi a cikinsu daga Janairu zuwa faɗuwar ruwan farko. Ɗaliban sashen nazarin halittu na jami'a, da ke ratsa gadar nan safe da yamma, su za su iya nuna wuraren.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai hoto,
Runjin Sambo, Sakkwato.