Faɗin Wanda Ya Ɓata Ruwan Jama'a Ba Annamimanci Ba Ne

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ga nasiha zuwa ga jama'ar Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa game da magudanan ruwa.

Lambatun da aka gina a bakin titi, don ruwan sama kaɗai aka gina shi. Abin da duk aka zuba cikinsa ba ya tsayawa nan, sai ya gangara rafi, daga rafi zuwa Kogin Gari ko Kogin Tomas ko madatsar Kazaure, inda makiyayi ke shayar da garkensa, mai lambu ke ban ruwa, almajiri ke wanke allonsa. Amma duk da haka akwai bakanike mai juye baƙin mai a ciki, da mahauci mai sakin jini da tumbi, da masunci mai kama kifi da gamalin, da magidanci mai jiran hadari ya haɗo da dare ya buɗe masansa ruwa ya tafi da shi.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hali, ya dubi Kano. Can ruwan masana'antun Bompai ke bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, har ya taru a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. Majemun Sharaɗa da Chalawa kuwa sun daɗe suna sakin ruwan jima mai gubar kuromiyam cikin Kogin Chalawa. Gyaran kogin da ya lalace aiki ne na shekaru da dukiya mai yawa.

To, yaya za a gane ruwan da aka ɓata? Kowane ɗalibin da ya karanta Risala ya san hukuncin ruwan da najasa ta sāke masa launi ko ɗanɗano ko wari, watau ba a alwala da shi. Waɗannan alamu su ne farkon ganewa, sai dai ruwan da ake tuhuma ba a ɗanɗana shi. A ƙara da kumfar da ba ta bajewa, da maiƙo a fuskar ruwa, da matattun kifi, da lambatu mai gudu da rani alhali ba a yi ruwa ba. Amma fa a sani, akwai cutar da ido ba ya gani. Ƙwayar kwalara ba ta rina ruwa, ga shi kuwa a shekarar 2021 ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da ta fi tsananta.

Abin da ke hana mutane magana shi ne tsoron a ce sun yi annamimanci ko sun tona asirin maƙwabci. Wannan kuskuren fahimta ne. Annamimanci shi ne kai magana don ɓata tsakanin mutane. Kai labarin ɓarna wurin mai ikon hana ta kuwa, hani ne ga mummunan aiki. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ƙidaya ƙazantar da mashayar jama'a cikin abubuwan da ke jawo tsinuwa. Wanda ya rufa wa mai ɓarna asiri, ya tausaya wa mutum ɗaya, ya cuci gari.

Saboda haka wanda ya gani ya fara da yi wa mai aikin nasiha a asirce. Kadan bai bari ba, ya riƙe ranar da lokacin da wurin, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sami shaida, kana ya kai wa mai unguwa ko dagaci, su isar ga hakimi da duba-garin ƙaramar hukuma. Kadan abin ya fi ƙarfinsu, akwai hukumar kare muhalli ta jiha a Dutse, da NESREA ta tarayya wadda aka kafa a 2007. Kada ya faɗi sai abin da idonsa ya gani, gama ƙazafi ma zunubi ne babba.

Su kuma hukumomi, lalle su ware wurin zuba shara da baƙin mai, su rufa sunan mai kawo ƙara, su kuma hukunta babba kamar yadda suke hukunta ƙarami. Limamai da malaman allo su riƙa tunatarwa tun kafin damina ta faɗi.

Allah ya tsare mana ruwanmu, ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin. Wassalamu.