Mai Son Dabbar Teku Ya Ba Ta Wuri

Akwai wata magana da ake ja-in-ja a kanta a gaɓar yammacin Amurka, wadda na ga ya kamata malamai da ma'aikata su ji, ko da yake teku ta yi mana nisa. Maganar kuwa ita ce, shin wanda ya shiga jirgin ruwa don kallon dabbobin teku yana da ikon ya matsa kusa da su yadda ya ga dama?

A tekun Salish, tsakanin Jihar Washinton ta Amurka da ƙasar Kanada, akwai wata dabba da ake kira orka, baƙa da roɗin fari. Ita ce babba a dangin dolfin. Siffarta ta kifi ce, amma kamar ayu take, watau tana tasowa ta shaƙi iska, tana haihuwa, tana kuma shayarwa. Wani jinsinsu da ke zaga wannan teku gida uku ne, J da K da L. A 1995 sun kai 98, yau kuwa ba su kai 80 ba. Tun 2005 Gwamnatin Amurka ta sa su cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

To, ina ruwan jirgin 'yan kallo da wannan? Amsar tana cikin yadda orka ke neman abinci. Cikin duhun ruwa ido ba ya gani da nisa, saboda haka sai ta riƙa fitar da wata 'yar ƙara tana saurare. In ƙarar ta bugi kifi ta komo, sai ta gane inda yake. Kunnenta shi ne idonta. Sa'ad da inji ya zo yana ruri a bisa kanta, ya zama kamar an watsa wa maharbi ƙasa a ido. Masana sun ga cewa idan jirage suka kusato, dabbobin nan sukan rage farauta, tun ba matan ba. Ga shi kuma kifin samon, wanda shi ne cimarsu, ya yi ƙaranci. Uwar da ba ta ƙoshi ba, da ƙyar cikinta ke zama. An ƙididdige cewa tsakanin 2008 da 2014 wajen kashi biyu cikin uku na cikin da suka ɗauka bai zo da ɗa rayayye ba. A 2018 wata da ake kira Tahlequah ta haihu, ɗan ya mutu nan da nan, ta yi kwana 17 tana tura gawarsa a bisa ruwa, tafiyar wajen mil 1,000.

Saboda haka hukuma ta yi ta faɗaɗa tazara. A 2011 aka hana kusantar su ƙasa da yadi 200. Daga farkon 2025 dokar Jihar Washinton ta mai da shi yadi 1,000, fiye da rabin mil ke nan. In kuwa su ne suka iso kusa da jirgi, sai matuƙi ya tsai da farfela har su wuce. Haka nan a tsibiran Hawai, inda wasu ƙananan dolfin ke kiwo da dare su yi barci da rana kusa da gaɓa, tun 2021 aka hana kowa kusantar su ƙasa da yadi 50, ko da jirgi ko da ninƙaya.

Masu jiragen kallo suna da tasu hujja. Sun ce da wannan sana'a suke ci da iyali, kuma ba su ne suka ƙarar da kifi ba, madatsun ruwa ne da dattin masana'antu. Gaskiya ne, ba na musu. Amma komo da kifi aikin shekaru ne, rage gudu da ja da baya kuwa yau ma ana iya yi, ba sai an kashe ko kwabo ba. Mara lafiyar da ba a samo masa magani ba tukuna, ai ba a yi masa kiɗa a ƙofar ɗaki. Sa'an nan in dabbobin suka ƙare, wa za a kai baƙi su kalla? Ga tsibirin San Juan ma, akwai inda mutane ke tsayawa a kan dutse su hango su, ba tare da sun dame su ba.

Kowane malami ya san wannan. In baƙo ya faɗo aji da hayaniya, abin da zai gani ba karatu ba ne, ruɗewar yara ce. Wanda ya tsaya a taga shiru, shi ke ganin ajin yadda yake. Haka dabba take. Mai kutsa jirgi cikin garke, firgita kawai ya gani.

Ra'ayina dai dokar nan daidai ce, kuma darasinta bai tsaya a Amurka ba. Manyan dabbobin teku suna zuwa Tekun Gini kowace shekara su haihu, ayu kuma na nan a Kwara da Binuwai inda jirage masu inji ke kai da kawowa. Ina roƙon malamai su koya wa yara cewa so ba ya nufin taɓawa, kallo kuma yana da ladabi. Allah ya sa mu gane.