Kwamfutar wasa a zafin Damagaram: a bar yaro ya haɗa, amma ya fara da lissafin wuta

Ranar da sakamakon BEPC ya fito, ɗan yayata ya iske ni a ƙofar gida a unguwar Birni, riƙe da takarda mai layi-layi. Na ɗauka jerin littattafan lise ne. Ashe sunayen kayan kwamfuta ne, guda bakwai, kowane da farashinsa a dalar Amurka. Uwarsa ta yi masa alkawarin kyauta in ya ci jarrabawa, ga kuma ƴan kuɗin da ya tara wajen cajin wayoyi a kasuwar Dole. Duka-duka jika ɗari biyu da hamsin. Uwar ta ce mini: "Kai ne mushe, ka hana shi, kada ya ƙone kuɗin nan a wasa."

Ban hana shi ba, kuma ina ganin iyaye da malamai da yawa suna kuskure a nan. Yaron da ya zauna ya gane bambancin RAM da SSD ba tare da kowa ya koya masa ba, ya riga ya yi rabin darasin da nake fama in cusa wa ƴan ajina. Takardar ce ke da aibi. An kwafo ta daga bidiyon YouTube, daga bakin wani Bature da ke zaune a ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa.

Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne ƙaramin akwati, irin wanda bai fi kwalin takalmi ba. Irin wannan akwati yana buƙatar babban allo samfurin Mini-ITX, wanda faɗinsa santimita 17 ne ta kowane gefe. Masu gyara a nan kat-mer suke ce wa allon. Shi ƙaramin ya fi na Micro-ATX tsada, alhali aikinsu ɗaya. Na'urar raba wutar da ke shiga irin wannan akwati ita ma ƙarama ce ta musamman, kuɗinta daban, kuma ranar da ta mutu ba lalle a same ta a Zinder ba, sai an yi aike Kano. Wato mai ƙaramin ƙarfi zai biya kuɗin ƙanƙanta sau biyu kafin ya taɓa abin da zai sa wasan ya yi gudu.

Ba ma wannan ne ya fi damuna ba. Na ce masa: "Ɗauko biro." Mai bidiyon nan yana gwada injinsa a ɗakin da bai wuce digiri 22 ba. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗaki take turawa. Saboda haka injin da ya nuna 75 a ɗakin Bature, a namu sai ya doshi 93. Furosesar da ya zaɓa kuma, da ta kai wajen 95 sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. A cusa wannan a akwatin da iska ba ta da wurin zagayawa, sannan hunturu ya zo da ƙurarsa ya toshe ƴan ƙofofin da suka rage. Wanda ya taɓa buɗe kwamfutar ofis a watan Fabrairu ya san abin da nake nufi. Kamar an zuba mata garin gero.

Sai wuta. Duk wanda ke garin nan a watan Agustan 2023 bai manta lokacin da Najeriya ta yanke layin lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ba. Ko a kwanakin lafiya ma, lokacin zafi wuta tana zuwa tana tafiya, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. A takardar yaron babu ondilar, babu abin daidaita wuta. Akwai dai katin hoto RTX 3060 na gwanjo, wanda shi kaɗai yana shan wat 170. Na'urar raba wuta kuwa ya zaɓi mafi arha, marar suna, don kuɗin katin ya cika. Wannan shi ne sayen doki a bar igiya. Na'urar raba wuta marar kyau in za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, takan ja allon da katin su bi ta.

Ga abin da muka tsaya a kai, bayan gardamar kwana biyu da fushi kaɗan. Furosesa Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021, mai wat 65, tana da nata sashen hoto a ciki, don haka ba sai an sayi kati yanzu ba. Ba za ta ja sabbin manyan wasanni da cikakken ƙawa ba, na gaya masa gaskiya. Amma ƙwallon eFootball da Minecraft da GTA V za su tafi in an sassauta saiti. RAM kuwa sanda biyu masu giga 8, kada a sayi sanda ɗaya mai 16, domin sashen hoton nan daga RAM yake ci, kuma hanya biyu ta fi ɗaya saurin isar da kaya. SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, wanda ɗaukewar wuta ke saurin yi wa illa. Allo Micro-ATX, akwati matsakaici mai raga a gaba da fanka biyu. Duk injin har da allon kallo ba ya cika wuce wat 150, abin da ƙaramin ondilar zai riƙe na ƴan mintuna har a kashe shi lafiya. Ramin katin hoto yana nan a buɗe, ranar da ya ƙara tara kuɗi.

Akwai hanya ta biyu ga wanda kuɗinsa bai kai haka ba: tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell OptiPlex ko HP da ake kawowa gwanjo, a sa musu siririn kati irin RX 6400 wanda ba ya neman wayar wuta ta daban. A duba dai furosesar. In ta gaza zubi na takwas na Intel, Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance, Windows 10 kuma an daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: wasa yana cinye karatu. Yana ci, na gani da idona, na kuma ga yaran da wayar jika talatin ta cinye musu shekara guda ba tare da sun koyi komai ba. Bambancin shi ne waya tana aljihu, tana bin yaro har shimfiɗa. Wannan injin kuwa na ce a ajiye shi a ɗakin uwar, bisa tebur, nesa da ƙasa saboda ƙura, inda kowa ke ganin abin da ke kan allo. Kuma a garin da ke da jami'ar André Salifou, yaron da ya iya kwance inji ya mayar bai yi asarar lokacinsa ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa: ba za a biya ko dala ba sai ya kawo mini jimlar wat na kowane kaya, da lissafin mintunan da ondilar zai riƙe su. Karon farko ya manta allon kallo. Karo na biyu ya ɗauki VA da ke rubuce a jikin ondilar a matsayin wat, na mayar masa da takardar. Jiya da magariba ya dawo da ta uku, ya ce: "Kawu, in an ƙara fanka ta uku fa, wat nawa za a ƙara?" Na ce ya je ya karanta bayan fankar.