Lambun Tsakar Gida: Kariya, Wardin Da Ba Ya Tsoron Bazara

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Runji zuwa Maraɗi, ya zarce Agye har Gazawa, zai lura da yadda sababbin unguwanni suke ta tsirowa a bakin garuruwa. Filayen gidaje kuwa sai ƙanƙancewa suke yi. Bayan an gina ɗakuna, an ware madafa da makewayi da turken akuya, abin da ya saura na tsakar gida bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Duk da haka, maigida da uwargida suna son ɗan abin da zai huta musu da ido. Shi ya sa ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan dawo daga Yamai ko Kano da dashen furen wardi cikin leda, ya dasa shi da murna a cikin sanyin Disamba. Kafin watan Mayu ya ƙare, sau da yawa sai a iske busasshen kara a cikin tukunya.

Laifin ba na mai dashe ba ne. Wardi icce ne na wuri mai sanyi. Birnin Ɗa'ifa na ƙasar Saudiyya, inda alhazai suka san turaren wardi da ruwan wardi, yana bisa tsaunuka masu tsawon kusan mita 1,800. Gonakin tabkin Naivasha na ƙasar Kenya, waɗanda ke aika furanni kasuwannin Turai cikin jirgin sama, su ma tudunsu ya kai haka. Agye da Gazawa da Gidan Runji kuwa ba su kai mita 500 ba, zafin Afirilu yakan wuce digiri 40, ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, ga kuma gara tana jiran saiwar da ta raunana.

Wanda ya nace sai wardi yana iya gwadawa, amma da sharaɗi. Ya nemi gajeren iri mai yin kurmi, wanda bai kai ƙugun mutum ba. Ya dasa shi a Nuwamba cikin babbar tukunya, da ƙasar fadama irin ta Gulbin Maraɗi haɗe da ruɓaɓɓen taki. Ya aje shi gabas da katanga, inda zai sha hantsi ya tsira daga ranar azahar, ya rufe bakin tukunyar da ƙaiƙayi, kuma kada ya tsallake ban ruwa ko na yini guda a cikin bazara.

A nan ne lissafi ya shigo, kuma ɗan kasuwa bai ƙin lissafi. A ce wardi guda yana shan lita 3 kullum daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, wato kimanin kwana 90: lita 270 ke nan, kusan bido 11 na lita 25. Mai pampo zai gani a takardar kuɗin ruwa, mai saye wurin ƴan garuwa zai ji a aljihunsa. Akwai kuwa wani icce da lita 2 a mako ta ishe shi, wato bido guda da ɗan ɗori a cikin waɗannan watanni uku, kuma a lokacin ne yake ɓarkewa da fure. Sunansa kariya.

Kariya ƴar gida ce. Tana fitowa da kanta a ƙasashen Sahel tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka, da kudancin ƙasar Larabawa. Faransawa suna ce mata wardin hamada, masana kuma Adenium obesum. Wani masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Peter Forsskål, ya gamu da ita a Yaman, aka buga bayaninsa a shekara ta 1775 bayan rasuwarsa. Ba ta da dangantaka da wardi na ainihi, kuma ba ta da ƙamshinsa. Abin da take da shi shi ne gindi mai kumburi kamar ƙaramar kuka, inda take ɓoye ruwa, da fure mai kunnuwa biyar, ja-ja a baki, fari-fari a ciki, wanda yakan rufe rassa a cikin rani lokacin da ganye ya zube. A cikin tukunya ba safai take wuce mita guda ba. Masu lambu na ƙasashen Tailan da Taiwan sun mai da ita hajar kasuwa, suna fitar da launuka iri-iri ta hanyar aure, suna sayarwa duniya, alhali a nan ana wuce ta a bakin hanya ba a waiwaya ba.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, kuma kusancin sunayen biyu yakan sa a tuna da wannan icce, don furenta ya fi ƴaƴanta yawa nesa ba kusa ba. Amma takan yi kwanso biyu a haɗe kamar ƙahonin sa. Idan sun kusa fashewa sai a ɗaure su da zare, don iri yana da gashi, iska na iya kwashe shi. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko biyu, kuma shi ne ke ba da gindi mai kyaun kumburi. Mai gaggawa kuwa ya yanki reshe mai tsawon taƙi guda, ya bar shi a inuwa kamar mako guda har bakin yankan ya bushe, sa'an nan ya kafa shi, kada ya ba shi ruwa sai bayan wani makon.

Tsohuwar randa ko tulun da ya tsage sun isa mazauni, muddin an huda gindinsu. A zuba kashi biyu na rairayi mai tsakuwa, kashi guda na ruɓaɓɓen taki, da ɗan garin gawayi. A aje ta inda rana ke duka sosai. Abin da ke kashe kariya shi ne yawan ruwa: in gindi ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen kabewa, to an wuce gona da iri. Don haka a cikin damana, musamman watan Agusta, a ɗora tukunyar bisa bulo, nesa da bakin indararo. A cikin ɗari kuma a rage ban ruwa ƙwarai. Ɗan kasuwar da ya yi mako uku a Kwatano zai dawo ya iske ta da ranta, ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki kuma ya ɗauki abarsa cikin mota tare da kayan ɗaki, ba zai bar wa mai gidan haya ba.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma shi ne mafi nauyi a wannan bayani. Ruwan da ke fita daga jikin kariya guba ne mai taɓa bugun zuciya. Maharba a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna dafin kibiya da shi. A gidan da ke da yara masu rarrafe ko bisashe sake, a ɗora ta bisa wurin da hannu da baki ba su kaiwa, in babu irin wannan wuri kuwa a haƙura da ita. Wuƙar da aka yanke ta da ita kada ta koma madafa sai an wanke ta da sabulu, haka ma hannuwa. Kada a yi asuwaki da reshenta, kada a sa shi a murhu. In ruwan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. In yaro ya tauna, a garzaya gidan likita nan take tare da guntun iccen, kada a tsaya jiran alama.

Manoman wannan jaha sun riga sun ga irin wannan darasi a gonakinsu. Bayan shekaru ana dasa baƙin itatuwa suna mutuwa, sai a shekara ta 1983 Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka juya ga kututturan da ke cikin ƙasa, aka fara sassabin zamani, har garin Ɗan Saga na yankin Agye ya yi suna a kansa. Tsakar gida ma haka take: mai son fure a cikin Afirilu ya fara duba abin da ƙasarsa ta saba rayarwa. Yanzu ne lokacin neman tsohuwar randa da tambayar maƙwabci ko zai ba da reshe guda.